Yadda ake saita sa ido kan faifan ajiya a gungun Pacemaker

Gungun sabar biyu da aka haɗa da Pacemaker da Corosync (manhajojin da ke sa ido kan hidima su ƙaura da ita zuwa ɗaya sabar idan ta faɗi) yana iya nuna maka `Started` a kan tsarin fayil alhali faifan da ke ƙarƙashinsa ya daɗe da mutuwa. Haka aka tsara duban farko: wakilin `ocf:heartbeat:Filesystem`, wato rubutun da Pacemaker ke kira don ɗaurawa da duba tsarin fayil, yana leƙa jerin abubuwan da kanel ya ɗaura ne kawai, in ya ga sunan foldar a ciki sai ya ce lafiya lau. Kebul ɗin ma'ajiya na iya fita, tsarin fayil ɗin XFS ya rufe kansa, rumbun bayanai ya yi ta kukan ya kasa rubutu, sunan kuma yana nan daram a `/proc/mounts`. Duk bayan daƙiƙa 20 gungun zai duba, ya ga suna, ya koma ya zauna.

Gyaran yana da ɓangare biyu. Na farko a sa wakilin ya taɓa faifan da gaske. Na biyu, wanda ya fi cin mutane, a lissafa wa'adin kowane duba daga ƙasa zuwa sama, a fara da abin da iSCSI (mai kawo faifai ta hanyar sadarwa) da multipath (mai haɗa hanyoyi da yawa zuwa faifai ɗaya) suke yi idan hanya ta yanke, kafin a zo kan Pacemaker. Duba mai zurfi da wa'adin da aka tsinta a intanet ya fi rashin duban illa, domin zai riƙa kashe sabar mai lafiya a duk lokacin da suwic ya yi atishawa.

Misalin da za a bi a nan: sabar biyu, `sabar1` da `sabar2`, faifai ɗaya da suke rabawa ta iSCSI a kan hanyoyi biyu, LVM a kansa, XFS a kan LVM, a ɗaure a `/srv/bayanai`. Umarnin na `pcs` ne, irin na RHEL da 'yan uwansa. Masu SUSE da `crmsh` sunayen saitunan ɗaya ne, tsarin rubutun ne ya bambanta. An ɗauka killacewa (gungu ya kashe sabar da ta lalace da ƙarfi) tana aiki, wato `pcs stonith fence sabar2` yana kashe sabar2 da gaske. In ba ta aiki, a tsaya a gyara ta tukuna, domin faifan da ya maƙale yakan hana kwance tsarin fayil, kuma idan kwancewa ta gagara babu killacewa, Pacemaker zai daskare da hidimar a inda take, ba zai kai ta ko'ina ba.

Fara daga ƙasa: daƙiƙa nawa rubutu zai iya ratayewa?

Idan hanya ɗaya ta iSCSI ta yanke, ba nan take kanel yake sani ba. A `/etc/iscsi/iscsid.conf` akwai `noop_out_interval` da `noop_out_timeout`, kowanne daƙiƙa 5 a saitin asali, don haka kusan daƙiƙa 10 ake ɗauka kafin a tabbatar hanyar ta mutu. Daga nan sai `fast_io_fail_tmo` na multipath, shi ma 5, ya saki rubutun da ke jira don a tura shi ta ɗaya hanyar. Jimla wajen daƙiƙa 15 ke nan da faifan zai yi shiru ba tare da wata matsala ta gaske ba. Duk duban da wa'adinsa bai kai wannan ba, ƙarya zai riƙa yi maka. In babu multipath a tsakani, `replacement_timeout` ne ke aiki, shi kuma 120 ne a asali.

Idan duka hanyoyin suka tafi, `no_path_retry` ne ke yanke hukunci. In an ba shi `queue`, rubutun zai yi ta jira har abada. Shirin da ya nemi faifan zai shiga halin `D` a `ps`, inda ko `kill -9` ba ya taɓa shi, kanel kuma ya fara rubuta cewa wani aiki ya toshe fiye da daƙiƙa 120. In an ba shi `fail`, kuskure zai dawo nan take, wanda ke nufin ɗan sauyin kwantirola a akwatin ajiya ya isa ya rufe XFS. In an ba shi lamba, ana ninka ta da `polling_interval`. A gungu lamba ce ta dace:

```
defaults {
    polling_interval 5
    fast_io_fail_tmo 5
}
multipaths {
    multipath {
        wwid  LAMBAR_WWID_TA_FAIFAN
        alias bayanai
        no_path_retry 6
    }
}
```

Shida sau biyar, daƙiƙa 30 na jira. A haɗa da 15 na baya, bayan kusan daƙiƙa 45 manhaja za ta samu kuskure a fili maimakon rataya. Wannan 45 ɗin shi ne tushen duk lissafin da ke gaba. Lambar 6 misali ce. A tambayi takardun akwatin ajiyar tsawon lokacin da yake ɗauka ya miƙa aiki daga kwantirola ɗaya zuwa ɗaya, musamman lokacin sabunta manhajarsa, a zaɓi lambar da ta zarce wannan. Inda wutar gari ke ɗaukewa a koma janareta, a duba ko suwic ɗin ajiya suna kan UPS. In ba sa kai, lokacin da suwic ke ɗauka ya tashi ya shiga lissafi, kuma sau da yawa ya fi minti ɗaya.

Akwai dalilin sa `no_path_retry` a sashen `multipaths` maimakon `defaults`. Multipath yana zuwa da saitunan da aka riga aka cusa masa don akwatunan ajiya sanannu, kuma waɗannan suna danne abin da aka rubuta a `defaults`. Mutum zai rubuta 6 a can, ya yi zaton ya gama, alhali `queue` ne ke aiki. Sashen `multipaths` shi ke sama da kowa, `overrides` na biye da shi. Bayan `multipathd reconfigure`, a duba `multipathd show maps status`, shafin `queueing` zai nuna abin da ke aiki da gaske. Kar a dogara da `multipath -ll` a wannan gaɓar, domin yana nuna `queue_if_no_path` ko da lamba aka sa. Fayil ɗin ya zama iri ɗaya a sabar biyun, kuma sunan `alias` da aka ɗaure da WWID (lambar shaidar faifan ta musamman) ya fi `mpatha` aminci, tunda `mpatha` na sabar1 yana iya zama wani faifai dabam a sabar2. Sunaye irin su `/dev/sdb` kuwa kada su shiga saitin gungu ko kaɗan, suna canzawa da kowane kunnawa.

Zurfin duba a wakilin Filesystem

Ga hidimomin biyu a rukuni ɗaya, idan ba a riga an ƙirƙira su ba. LVM ɗin yana buƙatar `system_id_source = "uname"` a `/etc/lvm/lvm.conf` na kowace sabar.

```
pcs resource create lvm_bayanai ocf:heartbeat:LVM-activate \
    vgname=vg_bayanai vg_access_mode=system_id --group rukuni_db
pcs resource create fs_bayanai ocf:heartbeat:Filesystem \
    device=/dev/vg_bayanai/lv_bayanai directory=/srv/bayanai \
    fstype=xfs force_unmount=safe --group rukuni_db
```

Wakilin yana da matakin duba uku, ana zaɓa da `OCF_CHECK_LEVEL`. Mataki 0 shi ne wanda aka bayyana a sama. Mataki 10 yana karanta ɗan guntu daga farkon na'urar kai tsaye, ba ta abin da ke ƙwaƙwalwa ba, don haka yana gane faifan da ya ɓace, amma bai san halin tsarin fayil ɗin ba. Mataki 20 yana rubuta ƙaramin fayil a foldar `.Filesystem_status` cikin wurin da aka ɗaura, ya tilasta shi sauka kan faifai, ya sake karanta shi.

Bambancin 10 da 20 yana bayyana ne bayan hanya ta dawo. Ɗauka duka hanyoyi sun yanke na minti ɗaya sannan suka dawo. A cikin wannan mintin XFS ta gamu da kuskure a kundinta ta rufe kanta, ko ext4 mai `errors=remount-ro` ta koma karatu kawai. Yanzu faifan lafiyarsa ƙalau, mataki 10 zai karanta shi ya wuce, mataki 0 ma haka, rumbun bayanai kuwa ba ya iya rubuta ko harafi ɗaya. Mataki 20 kaɗai ke kama wannan. Ga tsarin fayil da ake rubutu a kansa, 20 ne zaɓi. Mataki 10 na wanda aka ɗaura don karatu kawai ne.

```
pcs resource op add fs_bayanai monitor interval=60s timeout=90s OCF_CHECK_LEVEL=20
pcs resource update fs_bayanai op stop interval=0s timeout=120s
```

An bar duban asali na daƙiƙa 20 da wa'adin 40 yadda yake, tunda ba ya cin komai kuma yana saurin kama wanda ya kwance foldar da hannu. Dole tazarar duba biyun ta bambanta, domin Pacemaker da sunan aiki da tazara yake tantance su, biyu masu tazara ɗaya abu ɗaya ne a wurinsa. A yi hattara da `pcs resource update ... op monitor` bayan an ƙara na biyu: yana taɓa duban farko da ya ci karo da shi ne, kuma yana goge duk saitin da ba a sake rubutawa ba. Don gyara ɗaya daga cikinsu, a cire shi da `op remove` a mayar da `op add`. Ƙara duba ba ya sake kunna hidima. Canza `force_unmount` a kan hidimar da ke gudana kuwa yana sake kunna ta, don haka a jira lokacin da aka ware don gyara.

Me ya sa 90? Domin ana so kuskuren multipath, wanda ke zuwa wajen daƙiƙa 45, ya riga wa'adin Pacemaker isowa, da rarar da za ta ɗauki jinkirin SCSI, wanda wa'adin umarninsa daƙiƙa 30 ne a `/sys/block/sdX/device/timeout`. Idan kuskure ya dawo a fili, `dd` ɗin wakilin zai fita, wakilin ya ce duba ya faɗi, a tsayar da rukunin cikin tsari, kwancewa ta yi nasara tunda babu abin da ke rataye, hidima ta ƙaura ba tare da an kashe kowa ba. Idan wa'adin Pacemaker ne ya riga, za a fara tsayarwa alhali rubutu na rataye, `umount` ya bi sahu ya rataye, wa'adin tsayarwa ya cika, kuma tsayarwar da ta faɗi hukuncinta killacewa ne. Shi ya sa wa'adin `stop` ma aka ɗaga shi daga 60 zuwa 120. Saitin `force_unmount=safe` yana taimakawa a nan: lokacin neman shirye-shiryen da ke riƙe da foldar don a kashe su, yana kauce wa hanyoyin binciken da su kansu za su iya maƙalewa a kan mataccen faifai.

Farashin wannan lissafi a bayyane yake. A mafi munin hali, tazara 60 da wa'adi 90, minti biyu da rabi kafin a gane. In wannan ya yi yawa ga aikin, a rage tazarar zuwa 30, rubutun ƙanƙani ne. Rage wa'adin kuwa sai an fara rage `no_path_retry`, ba a taɓa na sama a bar na ƙasa.

Ga NFS, wato foldar da ake ɗaurawa daga wata sabar ta hanyar sadarwa, lamarin ya ɗan bambanta. Mataki 10 ba ya yin komai a kansa tunda babu na'urar da za a karanta. Mataki 20 kuma `root` ne ke rubutawa, kuma yawancin sabar NFS suna da `root_squash`, mai cire wa `root` na nesa ikonsa, don haka rubutun zai faɗi a duban farko, gungun ya ɗauka ajiya ta mutu. A ƙirƙiri foldar matsayin tun da wuri da izinin da zai bari a rubuta, ko a sauya wurinta da `statusfile_prefix`.

Wakilin `LVM-activate` a matakin asali yana duba ko na'urorin `vg_bayanai` suna nan a device-mapper ne kawai. Tunda Filesystem da ke kansa yana rubutu har ƙasa, babu buƙatar matsa masa.

Abin da zai faru bayan duba ya faɗi

A saitin asali, `on-fail` na duba `restart` ne, kuma `migration-threshold` ba shi da iyaka. Ma'ana Pacemaker zai tsayar da hidimar ya sake tayar da ita a sabar da ta faɗi. In tayarwar ta gagara ne zai ƙaura da ita, saboda `start-failure-is-fatal`. Ga faifan da ya mutu murus wannan ya wadatar. Matsalar tana ga hanyar da ke zuwa tana tafiya: duba ya faɗi, a sake tayarwa ta yi nasara, bayan minti goma ya sake faɗi, haka har gari ya waye, kowane zagaye kuma sai an tsayar da rumbun bayanai.

```
pcs resource meta fs_bayanai migration-threshold=2 failure-timeout=30min
pcs resource defaults update resource-stickiness=100
```

Faɗuwa biyu, rukunin gaba ɗaya ya koma ɗaya sabar. Wasu sun fi son 1. Biyu ta fi dacewa da XFS da ta rufe kanta bayan ɗan yankewa, domin kwancewa da sake ɗaurawa a wuri guda yakan gyara ta, kuma ya fi ƙaura sauri. `failure-timeout` yana goge ƙidayar bayan minti 30 babu sabuwar faɗuwa. In ba a sa shi ba, ƙidayar tana nan har sai an yi `pcs resource cleanup`, kuma watanni bayan haka za a tarar sabar1 ba ta karɓar hidimar saboda laifin da kowa ya manta. In an sa shi gajere, misali minti ɗaya, alhali akwatin ajiyar ne kansa ya mutu, rukunin zai yi ta kai da komo tsakanin sabar biyun. `resource-stickiness` shi ke hana hidimar tsallakowa gida da kanta da zarar ƙidaya ta goge.

Akwai masu sa `on-fail=fence` a kan duban mataki 20. Yana da amfani inda kamfanin akwatin ajiya ya wajabta `queue`, tunda a can an san tsayarwa ba za ta taɓa yin nasara ba, jiran wa'adinta ɓata lokaci ne. A sani dai cewa ranar da akwatin ya mutu wa kowa, za a kashe sabar1, hidima ta nufi sabar2, ita ma ta rataye a can.

Sabar da ke jiran aiki

Duk abin da aka saita zuwa yanzu yana gudana ne a sabar da ke riƙe da hidimar. Ɗayar tana zaune, babu mai tambayar ta ko tana ganin faifan. Hanyoyinta na iya mutuwa tun watan jiya, sai ranar da ake buƙatarta a gane. Wannan gurbin `ocf:heartbeat:storage-mon` ke cikewa. Yana gudana a kowace sabar, yana karanta wani yanki na faifan kai tsaye ba tare da an ɗaura shi ba, sai ya rubuta sakamakon a matsayin alamar lafiyar sabar, `green` ko `red`. Yana ɗaukar faifai har 25 a hidima ɗaya. Yana cikin kunshin `resource-agents` na baya-bayan nan, `pcs resource describe ocf:heartbeat:storage-mon` zai nuna ko akwai shi.

```
pcs resource create duba_faifai ocf:heartbeat:storage-mon \
    drives="/dev/mapper/bayanai" io_timeout=60 \
    op monitor interval=30s timeout=120s \
    meta allow-unhealthy-nodes=true clone
pcs property set node-health-strategy=migrate-on-red
```

A ba shi na'urar multipath, kar a ba shi LV (wato `lv_bayanai` na LVM), domin LV ɗin a sabar ɗaya kawai yake kunne. `io_timeout` na asali 10 ne, ƙasa da daƙiƙa 15 na sauyin hanya, don haka in an bar shi, cire kebul ɗaya ya isa ya mayar da sabar ja. An kai shi 60 don ya zarce 45.

Alamar ita kaɗai ba ta motsa komai sai an saita `node-health-strategy`, wanda `none` ne a asali. Da `migrate-on-red`, sabar da ta yi ja ba ta riƙe hidima kuma ba a kai mata. Saitin `allow-unhealthy-nodes`, wanda ya shigo da Pacemaker 2.1.3, dole ne: in babu shi, za a kori mai duban kansa daga sabar da ta yi ja, babu wanda zai sake dubawa ya mayar da ita kore, ta zauna ja ko bayan an gyara kebul. Don ganin alamar:

```
attrd_updater --query --name '#health-duba_faifai' --all
```

Wannan dabara ba ta tantance hidima. Sabar ta yi ja, komai zai bar ta, har da abin da ba ruwansa da faifan. In duka biyun suka yi ja, komai ya tsaya. A gungun da aikinsa rumbun bayanai ɗaya ne babu asara. A gungun da ke ɗauke da ayyuka mabambanta, a sa `allow-unhealthy-nodes=true` ga waɗanda ba su dogara da faifan ba, ko a bar dabarar a `none` a rubuta ƙa'idar wuri da ke duba alamar ga rukunin da abin ya shafa kaɗai.

Ga faifan cikin sabar akwai `ocf:pacemaker:HealthSMART`, mai karanta rahoton SMART da zafin faifai. A kan faifan SAN ba shi da abin gani. Cikar faifai kuma ba aikin gungu ba ne: faifan da ya cika a sabar1 shi ne dai zai tarar da sabar2. Wannan na tsarin faɗakarwa ne.

SBD da DRBD

In killacewar ta SBD ce a kan faifan da ake rabawa (ana rubuta wa sabar saƙon kashe kanta a faifan, agogon tsaro kuma ya sake kunna ta in ta daina amsawa), ita ma tana cikin wannan lissafin, kuma ta fi kowa saurin fushi. Wa'adin agogon tsaronta daƙiƙa 5 ne a asali, `msgwait` 10. A kan multipath sun yi kaɗan. Wa'adin agogon ya zarce lokacin sauyin hanya, `msgwait` ya zama aƙalla ninki biyunsa, `stonith-timeout` kuma ya zarce `msgwait` da aƙalla kashi 20 cikin ɗari:

```
sbd -d /dev/mapper/sbd1 -1 30 -4 60 create
sbd -d /dev/mapper/sbd1 dump
pcs property set stonith-timeout=90s
```

Lambobin a kan faifan ake rubuta su, don haka canza su sai an sake `create` gungu yana tsaye. `SBD_PACEMAKER=yes` a `/etc/sysconfig/sbd` yana hana sabar kashe kanta don kawai ta rasa faifan SBD, muddin gungun yana da rinjaye kuma Pacemaker yana ganin ta lafiya. Agogon tsaro na na'ura ya fi `softdog`, tunda shi `softdog` cikin kanel yake, in kanel ya daskare tare za su daskare.

DRBD, mai kwafin faifan sabar ɗaya zuwa na ɗayar ta hanyar sadarwa, yana da nasa ɓoyon. Da `on-io-error detach`, idan faifan gida ya mutu, DRBD zai sake shi ya koma `Diskless`, ya ci gaba da karatu da rubutu ta faifan ɗaya sabar a kan hanyar sadarwa. Mataki 20 zai yi ta wucewa lafiya, kuma gaskiya yake faɗa, amma kwafi ɗaya ya rage a duniya. Sai `drbdadm status` ko `drbdsetup events2` ne zai nuna, don haka faɗakarwa kan halin faifan DRBD wajibi ce. Wakilin `ocf:linbit:drbd` yana buƙatar duba biyu, ɗaya ga mai jagora ɗaya ga mai biye, da tazara mabambanta, galibi 29 da 31.

Faɗakarwa

Gungu mai aiki da kyau yana ɓoye matsala: hidima ta ƙaura da tsakar dare, masu amfani ba su ji ba, kai ma ba ka ji ba. Pacemaker yana zuwa da samfurin rubutun faɗakarwa a `/usr/share/pacemaker/alerts`.

```
install --mode=0755 /usr/share/pacemaker/alerts/alert_smtp.sh.sample \
    /var/lib/pacemaker/alert_smtp.sh
pcs alert create id=imel path=/var/lib/pacemaker/alert_smtp.sh \
    options email_sender=gungu@example.com
pcs alert recipient add imel value=masukula@example.com
```

A kwafa rubutun a sabar biyun, kowace da nata take aikawa, kuma da mai amfani `hacluster` yake gudana. Masu Prometheus suna da `ha_cluster_exporter` a tashar 9664, yana fitar da ƙidayar faɗuwa da halin SBD da na DRBD. Abu ɗaya da babu wakilin da ke sama zai faɗa maka shi ne hanya ɗaya ta mutu ɗaya na aiki, tunda karatu da rubutu suna wucewa. A sa faɗakarwa a kan adadin hanyoyi masu rai daga `multipathd show paths`.

Gwaji

A yi shi kafin a ɗora bayanan gaske, da taga ɗaya a buɗe kan `crm_mon -rf`, wata kan `journalctl -f`, da agogo a hannu. Kar a sa `maintenance-mode`, domin yana dakatar da duban da ake son gwadawa.

A fara da hanya ɗaya: `echo offline > /sys/block/sdb/device/state`, ko mafi kusa da gaskiya, a toshe tashar 3260 zuwa adireshi ɗaya na akwatin da `iptables` da `DROP`. `REJECT` yana mayar da amsa nan take, kebul da ya tsinke kuwa ba ya amsawa. A nan ana so gungun ya yi shiru, ƙidaya ta tsaya a sifili, alama ta zauna kore. In wani abu ya motsa, akwai wa'adin da ya yi gajere.

Sai a toshe duka hanyoyin a sabar mai aiki. Kuskure ya bayyana a log na kanel wajen daƙiƙa 45, rukunin ya tsaya ya tashi a ɗayar ba tare da killacewa ba. In aka ga `Timed Out` a kan `fs_bayanai_stop_0` sannan aka kashe sabar, `queue` na nan yana aiki a wani wuri, a koma `multipathd show maps status`. A maimaita a sabar da ke jira: ta yi ja, sannan a gwada `pcs node standby` a kan mai aikin, a tabbatar gungun ya ƙi kai hidimar ga jar. Wannan gwajin yana tsayar da hidimar gaba ɗaya har sai an yi `pcs node unstandby`.

Na tsarin fayil shi kaɗai, faifai na lafiya: `xfs_io -x -c shutdown /srv/bayanai` yana rufe XFS kamar yadda kuskure zai yi. Cikin daƙiƙa 60 mataki 20 ya kama, a kwance a sake ɗaurawa a wuri guda, `pcs resource failcount show fs_bayanai` ya nuna 1. A sake yi kafin minti 30, rukunin ya ƙaura.

Gwajin ƙarshe na nauyi ne. A kunna ajiyar kwafin dare ko `fio` mai rubutu da ƙarfi, a bar shi awa ɗaya, a kuma auna daƙiƙa nawa duban mataki 20 yake ɗauka idan faifai ya cika da aiki. Rubutun da ake tilasta wa sauka kan faifai yana bin layi ne a bayan sauran, kuma a kan akwati mai rauni yana iya ɗaukar daƙiƙu masu yawa. In lokacin ya kusanci rabin wa'adin, a ɗaga wa'adin ko a rage wa ajiyar kwafin gudu. Bayan kowane gwaji a cire ƙa'idar `iptables`, a mayar da `running` cikin fayil ɗin `state`, a jira `multipath -ll` ya nuna hanyoyin biyu `active ready running`, sannan a yi `pcs resource cleanup` kafin a shiga na gaba.